Tambaya da Amsa: Haɗa Siginar LED a Babur da Hannunka

Tambaya: Ina so in cire ƙwayayen siginar babur ɗina in haɗa na LED da kaina. Na jona LED ɗaya kai tsaye a batir, ya yi wal sau ɗaya ya mutu. Me zan tanada, kuma yaya ake haɗawa?

Amsa: Malam, ai dole ya mutu. LED ba ya iya rage wa kansa wuta, duk abin da aka tura masa sai ya sha har ya ƙone. Ƙaramin LED ruwan lemo mai faɗin milimita 5 yana aiki ne a kan bolt 2 zuwa 2.2, kuma miliamfa 20 ya ishe shi. Kai kuwa ka ɗora masa 12. Rezista ita ce ke tare rarar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da bolt 12. Wannan na babur a kashe ne. Da zarar inji ya tashi, caji kan kai wutar 13.5 zuwa 14.5, don haka da 14.4 za ka yi lissafi. Jera LED uku, gajeriyar ƙafar wannan a doguwar ƙafar na gaba (doguwar ita ce fozitif, gefen da aka shafe a gindin LED kuma negatif ne). Su ukun za su ci 6.3. Sa dayod (mai barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai) 1N4007 guda a bakin wayar fozitif don kariya idan an juya waya, shi ma zai ci kamar 0.7. Saura 7.4. Raba 7.4 da 0.02 (wato miliamfa 20 ɗin nan a amfa), ka samu om 370. Rezistar da ake samu kusa da wannan daga sama ita ce om 390, mai kwatan wat ta wadatar.

Za ka ji ana cewa a jera biyar don a rage ɓarnar wuta. Mu dai ba ma ba da wannan shawara. LED biyar da dayod sun cinye 11.2, abin da ya rage wa rezista kaɗan ne. Idan ka tsaya a mahaɗar hanya inji na sululu, wuta ta sauko wajen 12, sai siginar ta dushe har da ƙyar a gan ta, alhali a nan ne aka fi bukatar ta. Da jerin uku kuwa, a 14.4 kana da kusan miliamfa 19, a 12 kana da wajen 13. Ido ba zai ga wani babban bambanci ba.

Jeri huɗu irin wannan a kowace sigina ya ba ka LED 12, duka suna jan ƙasa da miliamfa 80. Kowane jeri da rezistarsa. Kada ka tara su a kan rezista ɗaya, domin LED ba sa zuwa daidai da juna: jerin da ya fi jan wuta zai fara ƙonewa, kasonsa ya koma kan sauran, su bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu game da zaɓen LED ɗin. Na farko, ruwan lemo za ka saya, ko da murfin siginar ruwan lemo ne. Farin LED a bayan murfi mai launi yana asarar haske, launin kuma ya fito a koɗe. Na biyu, yawancin masu milimita 5 haskensu tsukakke ne, digiri 15 zuwa 30, wanda ke gefenka ba zai gani ba. Masu ƙafa huɗu da ake kira Piranha sun fi baza haske, sun fi kama allon da ake solda su a kai da kyau. Kafin ka rufe komai, fitar da siginar cikin rana tsaka, ka ja baya sosai, ka duba ta gaba da ta gefe. Gwajin cikin ɗaki yaudara ne, komai yana haske a can.

Tambaya: Na sa na LED gaba da baya. Yanzu siginar ba ta ƙiftawa, tana kamawa ne ta tsaya. Abokina kuma tasa ƙiftawa take da sauri kamar za ta tashi.

Amsa: Ciwo ɗaya ne, filasha, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, ita ce ta bambanta. An ƙera ta ne don ƙwayaye masu wat 10 ko 21, ga shi yanzu kowace sigina wat ɗaya da ɗan kai take ci. Taka tsohuwar samfuri ce mai ɗan ƙarfe a ciki wanda wuta ke zafafawa ya lanƙwashe ya yanke layi, ya huce ya koma. Wutar LED ba ta isa ta zafafa shi ba. Ta abokinka kuwa an tsara ta ne ta ninka sauri idan nauyi ya ragu, don mai babur ya san ƙwai ya mutu. A wurinta, ƙwayayensa sun mutu.

Magani mafi tsafta shi ne filashar LED, wadda ba ruwanta da nauyi. Ƙirga ƙafafun taka kafin ka saya. Mai ƙafa biyu tana da B na wutar batir da L na layin sigina, mai uku tana da ƙarin ƙafar negatif. Idan an juya B da L yawanci ba ta aiki. Wasu suna da ɗan maɓallin saita sauri. Ƙa'idar da ake bi a Turai da Amurka ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti, ka saita wajen 90.

Ɗaya hanyar ita ce rezistar nauyi, wadda ake jonawa tsakanin wayar sigina da negatif don ta ja wutar da ƙwan yake ja a da: om 6 mai wat 50 a madadin ƙwai mai wat 21, om 15 mai wat 25 a madadin mai wat 10. Tana aiki, amma ta om 6 ɗin tana mayar da fiye da wat 30 zafi. Idan ta taɓa roba ko rigar waya sai ta narkar da ita, dole a ɗaure ta a jikin ƙarfe. Kuma duk wutar da kake murnar ka rage wa batir ta koma inda take. Mun fi barin ta ga baburan zamani da kwamfuta ke sarrafa siginarsu, waɗanda ba su da filashar da za a cire.

Tambaya: Na canja filasha, amma ko hagu na kunna ko dama, duka huɗun ke ƙiftawa.

Amsa: Duba allon mita. Idan fitilar sigina guda ɗaya ce tal a wurin, ita ce mai laifi. A babura da yawa ƙafarta ɗaya tana layin hagu, ɗayar tana layin dama. 'Yar wutar da ke ratsa ta ba ta isa ta kunna tsohon ƙwai ba, amma ta ishi LED. Zare ƙwan allon ka gwada. Idan matsalar ta tafi, ka tabbatar.

Gyaran dayod 1N4007 biyu ne. Cire wayoyin biyu daga fitilar, ka jona kowace a dayod ɗinta ta gefen da ba a zana zobe a jikin dayod ɗin ba. Haɗa gefen zoben guda biyu wuri ɗaya zuwa ƙafa ɗaya ta fitilar, ɗaya ƙafar kuma ka kai ta negatif. Cire negatif na batir kafin ka fara.

Tambaya: Tawa ta yi aiki lafiya, bayan damina ɗaya rabin LED ɗin sun mutu.

Amsa: Idan uku-uku suke mutuwa, jeri ne ya yanke, kuma sau da yawa LED ɗin lafiyarsu ƙalau. Girgiza ce ta tsaga solda, ko ruwa ya ci tagullar allon. Sa mitar awon wuta ka bi jerin. Wurin da soldar ta yi fari-fari ko ta tsage a kewayen ƙafa, sake narkar da ita, kada ƙarfen solda ya wuce daƙiƙa uku a ƙafar LED.

Idan da silikon ka toshe gidan siginar, shi ma abin tambaya ne. Wanda ke warin tsami yayin bushewa asid yake fitarwa, yana cin tagulla a hankali. Nemi marar asid, ko ka shafe bayan allon da efoksi. Yi amfani da waya mai silli-silli, ka ɗaure ta a jikin gidan siginar don jijjiga kada ta riƙa jan wurin solda, ka sa robar nan mai tsukewa da zafi a kowane haɗi. Ka bar ƙaramin rami a ƙasan gidan, saboda raɓar da ta taru a ciki ta samu hanyar fita.

Idan kuma LED ɗin sun yi baƙi a ciki, auna wutar batir inji na gudu. Ta haura bolt 15, to regileta, mai daidaita wutar caji, ce ta lalace, kuma za ta cinye sababbin ma idan ba a canja ta ba.