Me ya kai Leicester City ƙasa a kakar 2022/23?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun zuwan Ndidi nake goyon bayan Leicester. Har yau na kasa gane yadda ƙungiyar da ta ci Firimiya a 2016, ta ɗauki kofin FA a 2021, ta wayi gari a Championship, gasar rukuni na biyu ta Ingila, a 2023. Laifin koci ne ko na 'yan wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowa na da kasonsa, amma a ganina ɓarnar ta fara ne daga ofis tun ba a take leda ba.

Leicester ta ƙare ta 5 a 2020, ta sake ƙarewa ta 5 a 2021, kuma duka biyun a wasan ƙarshe gurbin Gasar Zakarun Turai ya suɓuce mata. Albashin da take biya na mai jiran kuɗin wannan gasa ne, kuɗin kuwa bai zo ba. Ga korona ta taɓa King Power, kamfanin masu ƙungiyar, wanda cinikinsa ya dogara da matafiya a filayen jirgin sama na Thailand. Ga kuma dokar Firimiya da ta hana asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Sai aka ɗaure bakin jaka.

A bazarar 2022 aka sayar wa Chelsea Wesley Fofana, aka kawo Wout Faes daga Reims. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakin Kasper Schmeichel ya tafi Nice. Kyaftin ne, shekara 11 yana tsaron ragar nan, shi ke tsawata wa 'yan baya idan sun yi sakaci. Aka miƙa wa Danny Ward safar hannu, mutumin da ya daɗe yana zaman benci. Sakamakon bai ɓuya ba: maki ɗaya tak a wasa 7 na farko, har da 5-2 a gidan Brighton da 6-2 a gidan Tottenham.

Cin ƙwallo bai gagare su ba. Sun zura 51, fiye da wasu ƙungiyoyin da suka ƙare a saman su nesa, domin Maddison da Barnes sun yi aiki, Iheanacho ma ya taɓuka idan aka sako shi. Amma an zura musu 68. Tuna wasan Anfield na ƙarshen Disamba, inda suka fara cin Liverpool, sannan Faes ya ci gidansu har sau biyu kafin hutun rabin lokaci.

Shi koci Brendan Rodgers laifinsa shi ne kasa toshe wannan kafa. Shugabanni kuma suka yi ta jan ƙafa, ba su rabu da shi ba sai Afrilu. Dean Smith ya karɓa saura wasa 8, ya tarar da irin su Tielemans da Soyuncu da Amartey kwantiraginsu na ƙarewa. Ban ce sun ƙi wasa ba, amma da wuya ka gina tsira a kan waɗanda suka riga suka ɗaure kaya.

Duk da haka saura ƙiris su sha. Ranar 1 ga Mayu suna gaban Everton 2-1, Maddison ya buga fenariti tsakiyar raga, golan Everton Pickford ya tsaya cak ya tare, aka tashi 2-2. A ranar ƙarshe sun doke West Ham 2-1, amma Doucouré ya ci wa Everton a ragar Bournemouth. Everton ta ƙare da maki 36, Leicester 34 a mataki na 18, ta bi Leeds da Southampton zuwa Championship.