Da gaske mace ba ta kisan ɗauki ɗai-ɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a fannin nazarin laifuka. Wani malaminmu ya ce mace ba ta kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, sai dai in taɓin hankali gare ta ko namiji ne ya sa ta. Abin ya tsaya mini a rai, domin gobe mu ne masu binciken. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba haka ba ne, kuma wannan magana ta ishe ni, domin har daga bakin jami'an tsaro ina jin ta. Rayuka take ci.

Dubi birnin Meziko. An yi ta tsintar gawar tsofaffin mata a gidajensu an shaƙe su. Shaidu suka ce mace suka gani tana shiga, mai kama da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. 'Yan sanda suka ce ina! Wannan ƙarfin na namiji ne, ya dai sa kayan mata. A 2005 suka yi ta kamen maza masu shigar mata, kisa kuwa bai tsaya ba. Sai a watan Janairun 2006 aka cafke Juana Barraza, 'yar kokawa, tana gudu daga gidan wata tsohuwa da ta kashe. Kotu ta yanke mata shekara 759. Shaida tana hannu tun farko, zato ne ya hana a gan ta.

Haka Nannie Doss a Amurka. Mazanta huɗu ta kashe da guba, ban da 'yan'uwa na jini, ana ta yi mata ta'aziyya. Asirinta bai tonu ba sai 1954, da likita ya nemi a binciki gawar mijinta na biyar. Jaridu ma kaka mai fara'a suka mai da ita. Ga inda gizo ke saƙa: mace mai irin wannan laifi yawanci a gida ko asibiti take aikata shi, kan jariri, tsoho ko majinyaci, da guba ko matashin kai. Mutuwar sai ta yi kama da ajali, ba wanda ke tambaya.

In kuma aka fara zargi, son zuciyar nan ne ke juyewa, a daina neman hujja, a koma kirga hawayenta. Kathleen Folbigg ta Ostareliya ta yi shekara 20 a kurkuku kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, kafin binciken ƙwayoyin gado ya sa a sake ta a 2023. Mu a nan ko kotu ba a zuwa: yara biyu su rasu a gida ɗaya, boka ya nuna tsohuwa ko kishiya, a ce mayya ce, alhali ba wanda ya gwada jini ko ya duba ruwan rijiyar gidan.