Dalilin rashin hukunci a Yarjejeniyar Paris

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Yarjejeniyar Paris ta 2015 ba ta tanadi hukunci ga ƙasar da ta gaza rage hayaƙi mai ɗumama duniya ba. Darasin Yarjejeniyar Kyoto, wadda ta gabace ta, ne ya jawo haka, domin wannan yarjejeniya ta 1997 ta wajabta wa ƙasashe masu ƙarfin masana'antu ragewa, sai Amurka ta ƙi tabbatar da ita, Kanada kuma ta sanar da ficewa a 2011. Shi ya sa yanzu kowace ƙasa take tsara alkawarinta, ta sabunta shi duk shekara 5. Abin da ya fi damuna shi ne, dala biliyan 100 da aka alkawarta wa ƙasashe masu tasowa duk shekara don tinkarar sauyin yanayi ba ta cika a wa'adin 2020 ba.