Tambaya da Amsa: Cinikin Haska Zari-ruga a Talabijin, daga Sidni zuwa Las Vegas

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan zari-ruga, nau'in da ake kira lig, mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wanda ya ɓalle daga mai 'yan wasa 15 a arewacin Ingila a 1895 saboda rigimar biyan 'yan wasa. Manyan gasanninsa biyu ne: NRL a Ostareliya, da Super League a Ingila da Faransa. Duk inda muka ce dala, ta Ostareliya muke nufi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yawan jin an ce tasha kaza ta sayi gasar NRL. Me ake saya, kuma wa ke sayarwa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake saya shi ne izinin haska wasa kai tsaye, a cikin wata ƙasa, na wasu shekaru, ta wata hanya. Ƙungiyoyi ba sa sayar da nasu ɗaiɗai. Hukumar ARLC mai kula da wasan a Ostareliya, wadda aka kafa a 2012 kuma Peter V'landys ke shugabanta tun 2019, ita ke sayarwa a dunƙule, sannan ta raba wa ƙungiyoyi kasonsu.

Ba a miƙa hajar ga mutum ɗaya, kasa ta ake yi. A yarjejeniyar 2023 zuwa 2027, tashar Nine, wadda ake kallo kyauta, tana da wasa uku a mako: daren Alhamis, daren Juma'a da yammacin Lahadi. Ita kaɗai ke haska wasan ƙarshe kai tsaye, da wasannin State of Origin guda uku tsakanin jihohin New South Wales da Queensland, waɗanda kusan kullum suna cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a ƙasar. Kamfanin Foxtel, wanda sai an biya kuɗin wata, yana haska duk wasa takwas na mako ta tashar Fox League da manhajar Kayo, biyar daga ciki ba a ganinsu a ko'ina sai wurinsa, kuma ba ya sa talla ƙwallo na tafiya. A Niyuzilan kamfanin Sky ke da izini.

Adadin da ake shelantawa ba duka ne tsabar kuɗi ba. Wani kaso talla ce tasha za ta yi wa gasar a madadin kuɗi, kuma talla ba ta biyan albashi. Akwai kuma batun wanda zai ɗauki nauyin kyamarori, motar haɗa hoto da ma'aikata a kowane fili. Sai jadawali: mai biyan kuɗi yana da baki a kan wace ƙungiya za ta buga a wane dare, shi ya sa Brisbane Broncos ta daɗe tana mamaye daren Juma'a, wasu kuma a tilasta musu buga wasa biyu kwana biyar tsakani.

TAMBAYA: Yaya ake yin cinikin, kuma me ya sa gasar AFL, ta ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya, ta fi NRL samun kuɗi alhali dukkansu a ƙasa ɗaya suke? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ana fara magana tun saura shekara biyu ko fiye tsohuwar yarjejeniya ta ƙare. Hukuma takan fara jin ta bakin masu riƙe da izinin. In tayin bai yi mata ba, ta ce albarka, ta kasa hajar kashi-kashi, ta gayyaci kowa ya taya a rubuce. Daga nan sai zagaye na biyu da waɗanda tayinsu ya fi tsoka, a sa hannu a kan manyan sharuɗɗa, lauyoyi su shafe watanni suna rubuta sauran.

Doka ma tana da hannu. Tun 1992 Ostareliya ke da dokar da ta jera wasannin da dole a fara bai wa tashoshin kyauta damar saye kafin masu karɓar kuɗin wata, kuma NRL da State of Origin suna ciki. A 2024 aka faɗaɗa ta ta haɗa da kamfanonin intanet. Wannan alheri ne ga mai kallo, amma yana ɗaure hannun mai sayarwa.

Abin da ke yanke farashi shi ne yawan masu tayi. Duk wanda ya taɓa kai saniya kara ya san in mai taye ɗaya ne, abin da ya faɗa shi ne kuɗinta, in suka zama uku sai mai ita ya gyara zama. Tarihin NRL ya nuna haka. A 2012 ta sayar da shekara biyar a kan dala biliyan 1.025. A 2015 ta sayar da 2018 zuwa 2022 a kan biliyan 1.8, amma bayan an sha rigima: shugaban gudanarwa na lokacin, Dave Smith, ya ƙulla da Nine ita kaɗai a watan Agusta, wasa huɗu a mako a kan miliyan 925, ba tare da masu Fox Sports, tashar wasanni da ake gani ta Foxtel, a teburin ba. Suka fusata, Smith ya bar aiki kafin shekara ta ƙare, aka sake zama, Nine ta mayar da wasan daren Asabar. Wanda ya sallama wa mai saye ɗaya mafi kyawun kaya, ya rage wa sauran daraja.

Sai 2020. Korona ta tsayar da gasa a watan Maris bayan mako biyu, ba wasa ba kuɗin tasha, asusu kuma ba nauyi. Don a dawo fili ranar 28 ga Mayu, hukumar ta yi ragi, ta kuma tsawaita wa Foxtel har 2027 ba tare da gwanjo ba. Nine ta bi baya a Disambar 2021. Jimilla ta kama kusan dala miliyan 400 a shekara. AFL kuwa ta jira har 2022, lokacin da Nine da kamfanin Paramount suka shigo suna neman ƙwace ta daga tashar Seven da Foxtel, ta tashi da biliyan 4.5 na shekara bakwai, wato sama da miliyan 640 a shekara. A ganinmu ragin 2020 dole ce ta sa, kuma ya ceci gasar, amma tsawon wa'adin ya yi yawa.

Akwai wasu dalilai. Wasan AFL ya fi tsawo, kashi huɗu ne, ana yawan cin ƙwallo, kuma bayan kowace ƙwallo akwai gurbin talla. Zari-ruga minti 80 ne, hutu ɗaya. AFL tana da wasa tara a mako da ƙungiyoyi a manyan birane biyar, NRL kuwa ƙarfinta a gabashin ƙasar yake. An shigo da Dolphins, ƙungiya ta 17, a 2023, aka kuma amince da Perth Bears ta yammacin ƙasar daga 2027. Ƙungiya 17 wasa takwas take bayarwa, ɗaya na hutu. Ta 18 ita ke kawo wasa na tara, kuma agogon Perth yana bayan na Sidni da awa biyu a mafi yawan lokacin gasa, don haka an sami sabon gurbin dare na sayarwa. Sayen Foxtel da kamfanin DAZN, mai haska wasanni ta intanet, ya kammala a 2025 shi ma ya sauya fuskar masu zama a teburin.

'Yan wasa na sa ido a kan duk wannan domin albashinsu daga nan yake fitowa. A 2023 sun ƙaurace wa hira da 'yan jarida, suka rufe tambarin NRL na rigunansu, kafin a daidaita a kan sama da dala biliyan 1.3 na shekara biyar.

TAMBAYA: To Ingila fa, inda wasan ya samo asali? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Can ne aka ga illar mai saye ɗaya ƙarara. A 1995 kamfanin Sky ya zuba fam miliyan 87, aka kafa Super League a 1996, aka ɗauke gasar daga hunturu zuwa bazara. Tun daga nan Sky ke riƙe da ita. Daga 2017 zuwa 2021 yana biyan kusan fam miliyan 40 a shekara, a 2022 ya sauko zuwa wajen 25, na 2024 zuwa 2026 ya ƙara yin ƙasa. Ba wanda ya zo da tayin da zai tayar masa da hankali. Abin da aka samu a madadi shi ne isa ga jama'a: daga 2024 ana haska kowane wasa kai tsaye, BBC na nuna wasu kyauta, an kuma buɗe manhajar SuperLeague+. A 2022 aka ɗauki kamfanin IMG, mai dillancin harkar wasanni, na shekara 12, ya kawo tsarin ba ƙungiyoyi maki bisa 'yan kallo, kuɗi, fili da sakamakon wasa, da nufin gyara hajar kafin a koma kasuwa.

TAMBAYA: Na ga NRL na buɗe kakarta a Las Vegas. Amurkawa sun san wasan kuwa? Ba asara ba ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ake ta muhawara a kanta a Ostareliya. An tsara zuwa na shekara biyar. Na farko ranar 2 ga Maris 2024 a filin Allegiant: Manly da South Sydney, sai Sydney Roosters da Brisbane Broncos, 'yan kallo 40,746. A 2025 aka yi wasa huɗu a rana ɗaya, ciki har da Wigan da Warrington daga Ingila da wasan mata tsakanin Ostareliya da Ingila, mutane suka haura 45,000. Hukumar ba ta ɓoye burinta ba: tasha a Amurka, masu biyan kuɗin manhajar Watch NRL, da kaso daga kasuwar cacar wasanni ta can. An sa ɗan fim Russell Crowe, ɗaya daga masu South Sydney, ya bayyana dokokin wasan a talla, ana jaddada cewa ba hular kwano ba sulke.

Matsala ta farko agogo. An fara wasan farko na 2024 da ƙarfe 6:30 na yammacin Asabar a Las Vegas, wanda ya yi daidai da 1:30 na ranar Lahadi a Sidni, lokaci mai kyau ga masu biyan kuɗi a gida. Amma a Niyu Yok 9:30 na dare ne, wasa na biyu kuma 11:30. Masu kallo a tashar Fox Sports 1 ta Amurka ba su kai dubu ɗari ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330. A 2025 an sami wasa ɗaya a babbar tashar Fox, adadin ya ninka sau da yawa, wanda ya nuna cewa tashar da aka samu ta fi tallar da aka yi tasiri. Sauran mako-mako kuwa, wasan daren Juma'a a Sidni asubahi ne a gabashin Amurka, kuma wannan ba tallar da za ta gyara shi.

Ta biyu fili. Na zari-ruga mita 100 ne da faɗin 68, na ƙwallon Amurka bai kai haka faɗi ba, dole aka matse. Ta uku, da yawa cikin waɗanda suka cika kujerun daga Ostareliya, Niyuzilan da Ingila suka taso, ba sababbin masoya ba ne.

An sha gwadawa a baya. An kai State of Origin Long Beach ta Kalifoniya a 1987, ba abin da ya biyo baya. A 2018 Ingila da Niyuzilan suka buga a Denver ta Amurka gaban mutum 19,000 da 'yan kai, mai shirya wasan ya kasa cika alkawarin kuɗi, aka janye Gasar Duniya ta 2025 daga Arewacin Amurka. Faransa ta karɓa, ita ma ta ajiye a 2023 saboda kuɗi. Toronto Wolfpack ta Kanada ta shiga gasar Ingila a 2017 tana ɗaukar nauyin tafiyar abokan karawarta, ta hau Super League a 2020 ba ta da kaso a kuɗin talabijin, ta janye a Yulin shekarar. Wasan Denver da ƙungiyar Toronto, dukkansu aljihun mutum ɗaya suka dogara da shi, ba kwantiragin tasha ba.

Bambancin Las Vegas shi ne hukuma ce da kanta ta ɗauki nauyi, wasannin kuma na maki ne, ba na nuni ba. Hukuncinmu: ribar da ta tabbata a gida take. Buɗe kaka ya zama biki, masu kallo a Ostareliya sun ƙaru, hukuma ta sami abin ɗagawa a gaban masu tayi. Amurka kuwa, a auna ta da abu biyu: ko wata tasha ta fara biyan kuɗi na gaske, da yawan masu sabunta rajistar Watch NRL bayan watan Maris.

TAMBAYA: Me ya kai gwamnati cikin maganar ƙungiyar Papuwa Niyu Gini? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam, a can zari-ruga shi ne wasan ƙasa, ba sai an koya wa kowa ba. Abin da babu shi ne kuɗin talabijin, domin masu iya biyan kuɗin wata kaɗan ne. Gwamnatin Ostareliya ce ta cike giɓin: a Disambar 2024 ta sanar da dala miliyan 600 cikin shekara goma, ƙungiyar ta shiga NRL a 2028, wani kaso kuma ya tafi raya wasan a Fiji, Tonga da Samowa. Dalilin siyasa ne, gogayya da Sin a yankin Pasifik. Ta fuskar ciniki, ƙungiya ta 19 ba ta ƙara wasa a mako, sai an sami ta 20 za a kai goma.

TAMBAYA: Daga nan Najeriya ta yaya zan kalla? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Hanya mafi tabbas ita ce Watch NRL, wadda aka yi don masu zama wajen Ostareliya, Niyuzilan da tsibiran Pasifik, ana biya da kati. Takaitattun wasanni kuma suna shafin NRL na YouTube kyauta. Sidni na gabanmu da awa tara daga Afrilu zuwa farkon Oktoba, awa goma a watan Maris, don haka wasan ƙarfe 8 na dare can, 11 na safe ne a nan. Wasan yammacin Lahadi yana kamawa da 7 na safe. A tanadi data mai yawa, a rage ingancin hoto in layi ba ƙarfi. Najeriya ma tana da tawaga, ita ta ci gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta kuma kare kambinta a Akara a 2022.