Kafet ko Ciyawa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Filin Ƙwallo a Sakkwato

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata daga Sakkwato da kewaye kan filayen ƙwallo ne, musamman ciyawar roba da ake kira kafet ko astro. Mun zaɓi shida, masu gina filaye da masu kula da lafiyar 'yan wasa suka taru suka amsa.

Assalamu alaikum. Ina da fili a Arkilla, ina son in yi ƙaramin filin 'yan biyar-biyar na haya. Ɗan kwangila ya ce a daidaita ƙasa kawai a shimfiɗa kafet a kai. Haka ne? — Wani ɗan kasuwa

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yarda. Kafet ita ce ido ke gani, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne filin. In aka shimfiɗa ta kan ƙasa haka nan, damina ɗaya ta isa ta lotsa wurin, ruwa ya kwanta, haɗin ya buɗe.

Da fari a kankare ƙasar sama mai saiwa da taki, a kai ga ƙasa mai tauri, a daddaɓe ta da rola. A nan ake fitar da gangare, kuma bai wuce santimita 1 a kowace mita ba. Rabin haka ma ya wadatar. A haƙa ramukan bututu masu huji waɗanda za su kwashe ruwa zuwa magudana a wajen fili, a shimfiɗa yadin nan mai tace ruwa don kada laka ta hau ta cuɗu da dutse. Sai a zuba fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 zuwa 25, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ana zubawa ana jiƙawa ana bi da rola, ba a juye shi gaba ɗaya ba. Tsakuwar gulbi mai santsi ba ta kama juna, don haka ba ta dace ba. A kewaye wurin da dakalin siminti ya riƙe dutsen. Kafin kafet ta sauka, ka ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 3 a wurare daban-daban: in ka ga rata fiye da santimita 1 a ƙarƙashinsa, a gyara tukuna. Wannan shi ne ma'aunin da FIFA ke amfani da shi, kuma ba ya buƙatar na'ura.

Ita kafet ɗin tana zuwa a naɗe, galibi faɗin mita 4, tsawon gashinta milimita 40 zuwa 60. A warware ta a bar ta ta sha rana ta saki jiki kafin a yanka, a tabbata gashin kowane ƙyalle ya kwanta ta fuska ɗaya. Ana haɗa su da tef na musamman da gam mai haɗi biyu, ba gam ɗin masu gyaran takalmi ba. A bazarar Sakkwato gam kan daskare kafin ma'aikata su gama daidaita bakin, shi ya sa aikin haɗi na sassafe ne.

Daga nan sai ciko: busasshen yashi wankakke a ƙasa don ya danne kafet, garin roba a sama don taushi, ana watsawa ana sharewa da burushi har ya rage milimita 15 zuwa 20 na gashi a waje. A nan ne aka fi cutar masu fili. Kamfanin da ya ƙera kafet yana rubuta kilo nawa ake zubawa a kowace murabba'in mita. Ka nemi takardar ka yi lissafi da kanka: fili mai mita 40 da 20 murabba'in mita 800 ne, in takarda ta ce kilo 15 na yashi, tan 12 ke nan, sai ka ƙirga buhunan da aka sauke. Ka nemi kuma shaidar gwajin juriyar rana da garanti a rubuce. Kafet ɗin ado ta tsakar gida ta fi arha ƙwarai, kuma da ido tana kama da ta ƙwallo, amma ranar garin nan za ta mayar da ita gari.

Yaranmu na kukan tafin ƙafa na ƙuna in mun yi atisaye kan kafet da rana. Ko ragwanci ne? — Mai horas da yara, Mabera

Koci, gaskiya suke faɗa, ka saurare su. Ciyawa mai rai tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ke sanyaya ta, don haka zafinta ba ya nisa da na iska. Roba ba ta yin haka, ga baƙin garin taya da ke cikinta yana haɗiye rana. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, saman kafet na iya wuce digiri 60 da tsakar rana. Yara sun fi manya shan wahala don sun fi kusa da ƙasa, jikinsu kuma bai kai na babba iya fitar da zafi ba.

Yayyafa ruwa yana rage zafin, amma cikin ƙasa da awa ɗaya ya dawo. Maganin shi ne sauya lokaci: daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar sakaliya da dare in akwai fitila. Ka ɗora bayan hannunka kan kafet. In ba ka iya barin sa na daƙiƙa goma, a ɗage atisayen. A tsaya shan ruwa kowane minti 15 zuwa 20. Yaron da ya fara jiri, ko amai, ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti.

Makarantarmu tana wajen Wamakko, muna da rijiyar burtsatse mai sola. Muna son cikakken fili na ciyawa ta gaske. Zai yiwu a wannan ƙasa tamu? — Shugaban wata makarantar kwana

Ranka ya daɗe, zai yiwu, kuma in da hali shi muka fi so wa ɗalibai. Sai dai a fara da lissafin ruwa kafin a sayi komai. Cikakken fili mita 105 ne da 68, wato murabba'in mita 7,140. A tsananin bazara ciyawa na shan kusan milimita 7 na ruwa a rana, kowane milimita kuma lita ɗaya ce a murabba'in mita. Kusan lita 50,000 ke nan a kullum, tanka biyar masu lita 10,000. Ruwan saman Sakkwato bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, saboda haka wata takwas rijiya ce za ta ɗauki nauyin. A auna lita nawa take bayarwa a awa cikin watan Afrilu, ba cikin damina ba, a cire na sha da wanka da girkin ɗalibai. In abin da ya rage bai kai ba, a rage girman fili. Rabin fili kore ya fi cikakke wanda zai mutu a shekarar farko.

Irin da ya dace da mu shi ne kiri-kiri, wanda ake kira Bermuda a harkar filaye. Yana son zafi, yana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, don haka yana rufe gurbin da takalmi ya ƙwaƙule. In ruwan rijiya yana da gishiri-gishiri, akwai Paspalum, irin da aka shuka a filayen Kofin Duniya na Katar a 2022. Irin ciyawar ƙasashen sanyi da ake sayarwa a gwangwani da hoto mai kyau, asarar kuɗi ce a nan.

A nome wurin zurfin santimita 15 zuwa 20, a tsince duwatsu, a gauraya da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen takin awaki da shanu yana zuwa da 'ya'yan ƙarangiya da tsaidau, kuma ba mai tsaron gidan da zai yarda ya faɗi a kansu. A dasa yankakkun jijiyoyin kiri-kiri da faɗuwar damina, tazarar taƙi ɗaya, a hana kowa takawa na mako 10 zuwa 12. Katanga ko waya dole ce saboda bisashe.

Bayan ta kama, a riƙa yanka ta a tsawon milimita 25 zuwa 30, sau biyu a mako lokacin da take tashi, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Ban ruwa da asuba, mai yawa lokaci ɗaya, ya fi yayyafi kaɗan-kaɗan, don shi ke sa saiwa ta nutsa. Takin yuriya kusan buhu ɗaya da rabi a wata ya isa cikakken fili, a bi shi da ruwa nan take, in ba haka ba ya ƙone ganyen. A riƙa huda ƙasa da cokalin lambu a gaban raga da tsakiyar fili, inda ta fi tauri. A sa ido kan gara.

Abu na ƙarshe shi ne wanda shugabanni ba sa son ji: ciyawa ba ta jure wasa fiye da awa 8 zuwa 10 a mako. In duk makarantar za ta kwana a kanta, sai a bar fili na biyu na ƙasa don atisayen yau da kullum.

Ɗana ya dawo da ƙujewa a cinya, abokinsa kuma ya yi targaɗe. An ce kafet na kashe gwiwa. Gaskiya ne? — Wata uwa, Runjin Sambo

Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Ƙujewa kam ta fi yawa a kan kafet, musamman busasshiya. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da ɓarɓashin roba, a rufe da bandeji. In ya kumbura ko ya fara ruwa, a je asibiti. Maganar gwiwa da idon sawu kuwa, babban abin dubawa shi ne takalmi da halin da filin ke ciki. Ciyawa takan tsage ta saki ƙafa in ɗan wasa ya juya da ƙarfi. Kafet ba ta tsagewa, sai ƙafa ta kafe, jiki ya juya, gaɓa ta ɗauki nauyin. Takalmi mai dogayen haƙora ko masu faɗi kamar wuƙa shi ya fi maƙalewa. A saya masa mai gajerun haƙora zagayayyu masu yawa, wanda aka rubuta AG a jikinsa, ko TF in ƙaramin fili ne. Mai ƙusoshin ƙarfe kada ya hau kafet sam. Filin da gashinsa ya kwanta ya yi tauri kamar daɓe, a nema masa wani.

Mun yi gardama a gidan kallo: wai FIFA ta haramta kafet? — Wani matashi, Gawon Nama

Ba ta haramta ba. Dokokin wasa sun amince da ita tun 2004, da sharaɗin ta zama koriya, kuma FIFA na ba da shaidar inganci, irin su Quality da Quality Pro. An buga Kofin Duniya na mata na 2015 a Kanada gaba ɗaya a kanta, duk da ƙorafin 'yan wasan. Abin da ya rikita ku shi ne kowace gasa na da dokarta. A Ingila, ƙungiyar QPR ta shimfiɗa irin ta dā a 1981, ƙwallo na tsalle kamar a kan kwalta, aka zo aka hana a manyan rukunai. Yawancin filayen Firimiya da kuke kallo gauraye ne: ciyawa ce mai rai, an ɗinka zaren roba a cikin ƙasa don saiwa ta nannaɗe shi. Tarayyar Turai kuma ta zartar a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da garin roba na ciko, saboda yadda yake malala cikin ruwa.

Kafet ɗinmu shekara biyu kacal, amma ƙwallo na gudu fiye da kima, ruwa kuma na kwanciya. An ce mana ba ta buƙatar gyara. — Mai kula da fili, Minanata

Malam, wanda ya ce ba ta buƙatar gyara ciniki yake nema. Abu biyu ne suka same ku. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana sauka tsakanin yashi da garin roba. Ruwan farko na taɓa ta sai ta zama laka, ta toshe hujin da ke bayan kafet. Na biyu, ciko yana gudu daga inda aka fi takawa zuwa gefe, gashi ya rasa abin jingina, ya kwanta, rana ta gasa shi a kwance.

A riƙa jan burushi mai taurin gashin roba, ba na waya ba, bayan kowace awa goma ta wasa, ana sauya fuska kowane karo. A tsince ganye da leda kullum, a hana sigari da cingam da shigar babur. A auna zurfin ciko da ƙusa a wurin fanareti, gaban raga da tsakiya, a ƙara inda ya ragu. Kafin damina, wajen watan Mayu, a sassauta cikon da ya dunƙule, a tace ƙurar, a yashe magudana. Bakin haɗin da ya ɗaga a manne shi ranar da aka gan shi, kafin ya harɗe wani. Ga gwaji mai sauƙi: a saki ƙwallo mai cikakkiyar iska daga tsayin mita 2, in ta tashi fiye da mita 1, filin ya yi tauri.

Ko da kulawa ta yi kyau, kafet shekara 8 zuwa 10 take yi, a ranar Sakkwato ma tana iya gazawa kafin nan. Ku raba kuɗin sabuwa gida takwas, ku riƙa cire kaso ɗaya kowace shekara daga kuɗin haya kuna ajiyewa daban. In dutsen ƙasa ya yi kyau tun farko, kafet kaɗai za a sauya. In ruwan da ke kwanciya daga lotsawar ƙasa ne, sai an ɗaga ta an sake aikin daga tushe.