An Ci Babila Ko Ta Rushe? Amsar Tambayoyi Kan Kalmomin Faɗuwar Daula

Wani malamin tarihi ya tambaya: "In zan ba ɗalibai labarin ƙarshen Babila, wace kalma ta fi dacewa, rushewa, faɗuwa ko wargajewa?"

Malam, in birnin kake nufi, babu ko ɗaya cikin ukun da ta zauna daidai. Kalmar da Bahaushe ya tanada domin irin wannan ita ce ci. Akan ce an ci gari, wato mulkinsa ya koma hannun wani alhali ganuwa na tsaye, kasuwa na ci. Haka ya faru a watan Oktoba na shekara ta 539 kafin Miladiyya. Rundunar Sairus, sarkin Farisa, ta karya sojojin Babila a Ofis, bakin kogin Dijla, garin Siffar ya miƙa wuya, sannan kwamandansa Ugbaru ya shiga Babila. Allon tarihin da mutanen Babila suka rubuta da hannunsu ya ce an shiga birnin ba tare da yaƙi ba. Sairus kansa ya iso bayan kwana 17.

Rushewa ta gini ce, sai abu ya zube ƙasa. Nineba, babban birnin Assuriya, ita ta rushe a 612 kafin Miladiyya, lokacin da Mediyawa da mutanen Babila suka ƙone ta. Wargajewa kuwa ta taro ce, kowa ya kama gabansa. Saboda haka ka ce an ci Babila, daularta ta faɗi. Birnin bai zama kufai ba sai bayan ƙarnuka. A cikinsa ma Iskandar na Masidoniya ya mutu a 323, kuma sai da aka gina Selusiya a bakin Dijla jama'a suka fara ƙaura. A kula, kufai wurin da gari ya tashi ne, kamar kufan Alƙalawa ta Gobir, kango kuwa gida ne da aka bari ba kowa. Kufan Babila na nan kusa da Hilla, kimanin kilomita 85 kudu da Bagadaza.

Wata baiwar Allah ta ce: "Na ji an kawo 'da ɗan gari akan ci gari' a kan Babila. Ya dace?"

Ya kusa, amma akwai wanda ya fi shi. Wannan karin magana yana nuna na cikin gida da ya san ƙofar da ba a tsaro ya nuna wa baƙo. Ba a hannun wani mutum ɗaya da ya buɗe ƙofa matsalar Babila take ba. Sarkinta na ƙarshe, Nabonidus, wanda ya hau a 556, ya fifita Sin, gunkin wata, a kan Marduk, gunkin birnin. Ya tafi Taima a ƙasar Larabawa ya yi kusan shekara 10, ya bar wa ɗansa Belshazzar riƙon gari. Bikin sabuwar shekara ba ya yiwuwa sai da sarki, don haka shekara da shekaru aka daina shi, masu hidimar Marduk suka ƙullace shi. Da Sairus ya zo, sai ya sa aka rubuta cewa Marduk ne ya zaɓe shi. Karin maganar da ya hau wannan shi ne "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Hikimarsa tana cikin zaɓen dabbar. Ƙadangare ba ya fasa bango, tsagar da ta riga ta samu yake bi.

Wani ɗalibi ya tambaya ko kalmar sikeli daga "tekel" ta samo asali, wadda ke cikin rubutun bangon fadar Belshazzar.

A'a, kamar sauti ce kawai. Sikeli daga Turanci muka aro ta. Amma tambayar ta taɓo abu mai daɗi, domin tekel tana da 'yar'uwa a bakinmu.

Labarin yana babi na 5 na littafin Daniyel, cikin Baibul. Belshazzar ya tara manyansa dubu, suna sha da kwanukan da Nebukadnezzar, tsohon sarkin Babila, ya kwaso daga Haikalin Urushalima, sai yatsu suka bayyana suna rubutu a bango: mene, mene, tekel, ufarsin. Da harshen Aramiya ne, kuma kalmomin ma'aunin kasuwa ne: mene ita ce mina, tekel ita ce shekel, ufarsin kuma jam'in feres ce. Shekel a Babila ya ɗan haura giram 8, mina shekel 60 ce, wajen rabin kilo, feres kuma rabi. Daniyel ya karanta su a matsayin aikatau: an ƙidaya kwanakin mulkinka, an auna ka ba ka cika ba, an raba mulkinka an ba Mediya da Farisa. Kalmar ƙarshen tana da baki biyu, tana nufin rabawa, tana kuma amo da sunan Farisa. Nassin ya ce a daren aka kashe Belshazzar.

Tekel ta Aramiya da shekel ta Ibrananci da saƙil ta Larabci, mai nauyi, tushensu ɗaya. Daga nan Larabci ya fitar da misƙali, ma'aunin zinariya na wajen giram 4 da kwata, wanda fataken Sahara suka yi ciniki da shi. Duk yaron da ya haddace Izazul ya furta ta a "misƙala zarratin", gwargwadon nauyin ƙwayar zarra. Wannan ita ce dangin tekel a Hausa.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce: me ya sa muke kiran ƙasa daula, muna kuma cewa wane yana cikin daula?

Asalin kalmar a Larabci juyawa ne, abu ya zagayo kan wani bayan wani. Tushen nan ne a aya ta 140 ta Suratu Ali Imrana, inda aka ce kwanaki ana jujjuya su tsakanin mutane. Daga "zagayowar mulki" ta zama sunan mulkin kansa, Hausa kuma ta ƙara mata ma'anar wadata da jin daɗi. In ka rubuta "daular Babila" ma'anar mulki kake nufi, in ka ce Belshazzar yana cikin daula a daren liyafarsa, ta wadata ce.