Amsoshin Tambayoyinku: DVD, Faifai da Sunan da Aka Manna

Wata uwa daga Marwa ta rubuto: "Ɗana ya aiko mini da DVD daga Amurka, har da faifan bikinsa. Jikana ya haɗa, murya na fita, amma hoton baƙi da fari ne. Ko mun ɓata shi? Ina jin nauyin faɗa masa."

Mama, kwantar da hankalinki, in sha Allahu ba ku ɓata komai ba. Jikanki ya fara duba waya mai launin ɗorawa, ita ce ta hoto, ja da fara na murya ne. In an soka ta a rami mai launin kore, baƙi da fari za ki gani. In tana daidai, to tsarin hoton talabijin ne ya bambanta: Amurka NTSC suke amfani da shi, mu a Kamaru PAL. Ya shiga Setup da rimot, in akwai PAL ya zaɓa. In babu, a sa faifan a DVD ɗin maƙwabta, na kasuwanninmu galibi suna karanta duka biyun. Ya kuma leƙa bayan na'urar da aka aiko. Wutarmu 220 ce, tasu 110, sai an rubuta 100–240V ake jona ta kai tsaye. Allah ya ba su zaman lafiya.

Wani daga Njamena yana tambaya ko ya wanke faifan da ya karce da fetur, wai haka abokinsa ya ce.

Haba malam! Faifan roba ne, fetur cin sa yake. Ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ka goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Wanda ya karce har farce na maƙalewa kuwa, ya tafi ke nan.

Wani saurayi daga Garwa: "Aurena bayan Sallah. An nuna mini DVD mai sunan Sony a jaka 9, da rediyo da wurin sa filasha, an rubuta 3000W a kwali. In saya?"

Ƙanena, Allah ya sa alheri, amma zauna mu yi magana. Na'urar DVD wutar da take ja ba ta kai wat 20 ba. Ina 3000 ta fito? Wanda ya yi maka ƙarya a kwali, me zai hana shi yi a ciki? Sunan ma manna shi ake yi. Ka sa farce a kan haruffan, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa an ƙara harafi ko an rage. Na taɓa zama a rumfar wani mai gyara yana kwance irin wannan. Akwati ƙato, ciki fayau, sai ɗan allo kamar tafin hannu da wayoyi sirara kamar zaren ɗinki. A bayansa an jibga irinsu sun kai ƙirjin mutum, duk masu su sun yi fushi sun bar su, don kuɗin canza ido, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai, ya kusa kuɗin sabo.

Abin da ke ba ni takaici, mun sani. Mutum zai ɓata rabin yini yana cinikin buhun masara, ya sa hannu har ƙasan buhu, amma kayan wuta sai ya ga kwali na sheƙi ya zaro kuɗi. Amarya ta tare, ƙawaye sun cika ɗaki, an sa faifan biki, abu ya tsaya cak. Ka koma, mai shago ya ce wuta ce ta ƙona. Araha ba ta ado. Ni na fi yarda da na'urar da ta fito da sunanta na gaskiya, ko ba ka taɓa jin sa ba, da wadda ta ari sunan wani.

In za ka saya, ka tafi da faifanka, ba nasu ba, VCD ɗaya, DVD ɗaya, da filasharka. A bar shi ya yi minti 15, sannan a tsallaka zuwa ƙarshen fim, can ne ido mai rauni ke nuna hali. Kada a gwada wani a ba ka wani a rufe. Ka karɓi rasit. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza. Kai ɗan Garwa ne, ka san yadda ake ciki idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba da wuta ya ja baya da rani, a ɗauke, a kawo. Ana ɗauke wuta ka zare filogi. In kuma yawancin kallonku a filasha ne, kuma talabijin ɗin amarya na da wurinta, ka tambayi kanka ko kana buƙatar DVD ɗin ma.

Wata daga Ngaundare ta ce nata yana ta rubuta No Disc alhali faifan na ciki.

'Yar'uwa, galibi ƙurar hunturu ce ta rufe idon. Gwada wani faifan tukuna, ɓangaren rubutu a sama. In ya ƙi, mai gyara zai share shi da auduga da sifirit, aikin minti kaɗan ne, kada ki bari a ce sai an canza kafin a share. Ki riƙa rufe shi da ƙyalle idan an kashe, ban da lokacin da yake aiki, yana son iska.